Mai hoton Kadawa da aka ce AI ne: zare 🧵

1/ Wani matashi mai ɗaukar hoto daga Kumbotso ya saka hoton taurari a kan gonar shinkafa ta wajen Kura, sama ta fito a cikin ruwan gonar kamar madubi. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Rabi sun ce AI ne, sauran sun ce “ai wannan ba Kano ba ce”. Jama'a, Kano ce. Mu ne dai ba ma fita mu duba.

2/ Ka nemi hoton Kano a intanet yanzu. Marinar Ƙofar Mata, Dutsen Dala, hawan sallah, Kasuwar Kurmi, sai gadar sama da daddare. Duk suna da kyau, amma an maimaita su har sun gaji. Jihar da ke ciyar da kasuwannin kayan miya ba ta da hoton gonarta.

3/ Mu ba mu da teku. Abin da muke da shi Tiga ne, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako, aka gama a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal ba tare da injin turawa ba, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan kusan hekta 22,000, yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are.

4/ Ka san me wannan ke nufi ga mai kyamara? A watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, nan kore ne shar. Alkama lokacin sanyi, tumatir da albasa, shinkafa sabon dashe, balbela na bin masu huɗa, kwanduna jere a Kwanar Gafan kafin rana ta fito. A Tiga kuma masunta da kwale-kwalensu da asuba, ba ka hango ɗaya gaɓar sosai.

5/ Yanzu batun “AI ne”. Kyamara tana tara haske, ido ba ya tarawa. Ka kafa ta a kan ƙafa uku, ka bar ƙofarta a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, sai ta kwaso taurarin da idonka bai kai gare su ba. Ka zarce haka da yawa, taurarin su fara jan layi, don duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa. Wayoyi da dama ma suna yi yanzu.

6/ Wahalar tana wajen lokaci. Farin layin taurarin nan da Turawa ke kira Milky Way, tsakiyarsa mai haske tana fitowa ne wajen Maris zuwa Oktoba. To a nan, damina hadari ne, hunturu ƙura ce. Abin da ya rage maka 'yan darare ne: bayan ruwa ya sauka ya wanke sama, ko Oktoba kafin hazo ya iso. Kuma sai babu farin wata, wato daga 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ko 3 ga sabo.

7/ Don haka hoto ɗaya zai iya cin mutum wata guda yana jira, da kuɗin mai, da sauro, da tsoron maciji a bakin kanal. Kai kuma kana kwance kan katifa ka rubuta masa “AI ne” da alamar dariya. Haba Malam.

8/ Wani abu da ba a cika sani ba: Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa, digiri 12 daga doron ƙasa, a kudu kuma muna hango taurarin da mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Kakanninmu ma sun raɗa wa taurari suna: Gamzaki, Zara, Kaza da 'ya'yanta. Yara nawa ne a Sheka ko Fanshekara za su iya nuna maka Kaza a sama yau?

9/ Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce sha'awa: wuraren suna canzawa a kan idonmu. Gonakin Kumbotso da Tamburawa ana yanka su filoti-filoti. Duk inda gida ya tashi fitilar sola ta biyo, duhun da ake buƙata yana ƙara ja da baya zuwa kudu. Ba na adawa da gida ko wuta, kowa na so. Amma a ɗauki hoton wurin kafin ya zama unguwa.

10/ Kuma hoton ƙasa ba sai mai kyau kaɗai ba. Launin ruwan Challawa a ƙasa da masana'antun fata hoto ne. Kachalla da ta toshe kanal hoto ce. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kadawa, har kamfanin Ɗangote na can ya tsaya da aiki. Ina hotunan shekarar? Mafi yawan waɗanda na gani 'yan jaridar waje ne suka ɗauka.

11/ Masu hoton ma ina da magana da ku. Ka haɗa hoto biyu, ka zana haske da tocila a jikin kuka, ka ƙara launi, duk fasaha ce, ba laifi. Amma ka rubuta cewa haɗi ne. Ranar da aka kama ka ka liƙa saman wata ƙasa a kan Ruwan Kanya ka yi shiru, ka ja wa duk 'yan uwanka rashin yarda.

12/ Sannan gona tana da mai ita. Ka je da rana ka gaida mai unguwa, ka sanar da 'yan sintiri, kar a ga baƙo da ƙarfe mai ƙafa uku ƙarfe biyun dare a bakin injin ban ruwa. In ka ɗauki manomi, ka tambaye shi, ka wanke hoton ka kai masa. Mata masu tsince shinkafa in sun ce a'a, a'a ce.

13/ Na san amsar da za a ba ni: biki ke biyan kuɗi, tauraro ba ya biya. Gaskiya ne, shi ya sa masu hotonmu ke ƙarewa a kamu da dina da bin 'yan siyasa. To laifin na wa? Otal-otal da ofisoshin Kano cike suke da hoton dusar ƙanƙara da gadar Landan. Masu casar shinkafa a Kura suna buga kalanda duk shekara da hoton gonar da aka sauke daga intanet.

14/ In hoton ya burge ka, ka saya a wanke maka ka rataye a falo. In ba hali, ka tura shi da sunan mai shi, kar ka yanke sunan ka ɗora a status. Wanda kuma ke son gwadawa, daren 13 zuwa 14 ga Disamba ake ruwan taurari masu wutsiya duk shekara. In hazo ya yi sauƙi, a wuce Kura kaɗan, a kashe fitilar waya, a ba ido minti 20 ya saba da duhu. A tafi da rigar sanyi, bakin kanal ba wasa.