Ra'ayinmu: Kada kunya ta sa mu yi jinkirin ceton rai

A ma'aikatun tarayya da ke Abuja, wanda ke fara ganin alamar ciwo mai haɗari a jikin ma'aikaci yawanci abokin aiki ne, ko direba, ko hadimin da ke biye da maigida. Sau da yawa kunya da girmama na gaba kan sa su yi shiru, a ce gajiya ce, a ba shi Panadol, a jira a tashi daga taro. Wannan jinkirin na iya cin rai.

Jiki magayi ne. Idan bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya yi sanyi ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan. A lura da lokacin da abin ya fara, domin allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton kai. Nauyi ko matsewa a ƙirji da ke yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, na nuni da bugun zuciya, ko da mai shi ya dage cewa gyambon ciki ne. Mai ciwon sukari da ya rikice yana gumi, a ba shi abin zaƙi idan yana iya haɗiya.

A gida kuma, yaro ba ya jure abin da babba ke jurewa. Jijjiga, ƙin shan nono ko ruwa, aman duk abin da ya ci, barcin da ba a iya tayar da shi, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, sanƙarewar wuya da zazzaɓi, ko faɗawar idanu bayan gudawa, kowanne ya isa a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Haka ma zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. A yi addu'a ana kan hanya.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, don haka rashin kuɗi a aljihu bai kamata ya tsayar da kowa ba.

Muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da ya wajabta horon agajin farko a kowace ma'aikata, ya haɗa da direbobi, masinjoji da masu gadi. Shugabanni kuma su faɗa wa hadimansu ƙarara cewa suna da izinin katse kowane taro idan suka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu.