Ba a gidan mai ake yanke farashin fetur ba

Duk ranar da litar fetur ta ƙara kuɗi, mai gidan mai ne ke shan tsinuwa. A tashar mota da shirye-shiryen rediyo zancen ɗaya ne: dillalai ba su da tsoron Allah, kuma ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai ba ta da dalilin sayen fetur da tsada. Zancen yana da daɗin ji, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin ba shi da wuya. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, kuma da dalar Amurka ake yi mata kuɗi. A ce ganga tana dala 75. A farkon 2023, lokacin da canjin hukuma yake wajen naira 460, litar ɗanyen mai za ta kama kusan naira 217. Idan dala ta koma naira 1,500, wannan litar dai ta haura naira 700, tun ba a tace ta ba, tun ba a ɗura ta a tanka ba. Dillali bai ma shigo cikin zancen ba tukuna.

Kowa yana tuna 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Abin da ake mantawa shi ne a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Wannan ne ya kai lita sama da naira 1,000 a Abuja a Oktoban 2024.

An ɗora buri a kan matatar Ɗangote da ke Legas, mai iya tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. To, matata kasuwanci take yi. Ko da naira ta biya kuɗin ɗanyen mai, da farashin duniya ake auna shi, shi kuwa yana bin yawan man da ƙungiyar OPEC ke haƙowa, da yaƙi, da annoba. Korona ta karya kasuwa a 2020, lita ta sauko daga naira 145 zuwa 125. Yaƙin Rasha da Yukiren ya kai ganga sama da dala 120 a 2022.

Ɗan Arewa kuma yana da ƙarin kaya. Matatar Kaduna ta daɗe a kwance, don haka tanka ce ke jigilar mai daga bakin teku, tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Kano, tana shan gas mai tsada a kan lalatacciyar hanya. Kuɗin nan duk a kan lita yake sauka.

Dillalai ma suna da nasu laifin: gaggawar ƙara kuɗi, jan ƙafa wajen ragewa, wasu har da tauye lita. Aikin NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar mai, ne ta hukunta su. Amma ko an rufe rabin gidajen man Najeriya, lita ba za ta koma naira 200 ba muddin naira tana nan yadda take. Masu neman sauƙi su tambayi gwamnati abin da take yi game da darajar naira da matatar Kaduna.