Kuɗin Cin Rani da Rumbun Gida: Waiwaye Daga Sanyinna

Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare a nazarce-nazarcen da ake yi kan kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa gida: wai a baki suke ƙarewa, ba sa zama jari. Akan raba abin da iyali suka kashe gida biyu, ci da jari, sannan a koka cewa na farkon ya rinjayi na biyun. A ganina wannan rabo bai dace da magidancin Sanyinna ba, ko na sauran ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, kuma harshen kansa ya riga ya faɗi dalili.

A dubi kalmar cin rani. Wanda ya tafi ya je ya cinye ranin ne a wani wuri, domin a rage hannu a rumbu. Tun daga binciken R. Mansell Prothero kan 'yan ƙwadagon da suka bar Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, har zuwa littafin David Rain na 1999 kan yankin Maraɗi, zancen tafiyar bai rabu da zancen hatsi ba. Aiken farko da matafiyi ke yi wa gidansu shi ne tuwon da bai ci ba. Idan kuma ya turo kuɗi daga Legas ko Fatakwal aka auno gero a kasuwa, abin da aka saya a haƙiƙa shi ne jinkirin buɗe rumbu har zuwa tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma gona ta fi buƙatar mai ita. Gidan da abincinsa ya yanke a watan Agusta dole maigidan ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, ko ya ci bashin da zai biya da dami in kaka ta yi. To a wane layi na takardar bincike za a rubuta wannan tiyar geron?

Abin da ya fi damuna dabam ne. A da, ɗan cin rani kan dawo gab da shuka da kuɗinsa a dunƙule cikin lalita, a biya haraji, a sayi bijimin huɗa ko a kai sadaki. Yau wayar salula da masu POS sun warware wannan dunƙule. Duk wanda ke da lambarsa zai iya kiransa, shi kuwa kunya ba ta barinsa ya ce babu. Dubu biyar yau, dubu uku jibi, har ya dawo ba shi da kuɗin buhun taki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ɗigon ya ƙara yawa, kuma bai isa ba.

Sai batun hannun da kuɗin ke shiga, wanda tambayoyin da ake yi wa maigida a zaure ba sa kamowa. Abin da aka tura wa uba ko wa yakan tafi gona da hidimar dangi. Abin da ya isa ga uwa ko matar aure, sau da yawa ta hannun yaro, yana shiga cefane da magani da adashe da gudunmawar biki, waɗanda su ma ajiya ce da ake sa ran dawowarta. Mai nazarin da bai shiga cikin gida ba rabin lissafin ya gani. A ƙauyukan Kebbe da 'yan bindiga suka hana noma gonakin nesa kuwa, rumbun da ake son karewa bai ma cika ba, kuma wasu matasan sun daina dawowa shuka.