Ƙarfen Ƙugu da Ƙwayar Cuta Mai Naci

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ruwa ya san Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Da yawanmu mun ɗauka ɗori kawai ake yi a can. Alhali cikin manyan ayyukansa har da sauya gaɓar ƙugu: a cire kan ƙashin cinya da ya lalace, a sa na ƙarfe. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan tiyata a farkon shekarun 1960.

Kada mu ce ai wannan matsalar tsofaffi ce. Masu ciwon sikila, waɗanda ba a rasa su a azuzuwanmu, jajayen ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Idan jini ya daina kai wa kan ƙashin cinya, sai ya mutu ya rufta. Shi ya sa za ka ga saurayi ko budurwa na jiran wannan aiki.

Galibi ana dacewa. Amma a cikin mutum ɗari, ɗaya ko biyu ƙwayar bakteriya kan shiga wurin, kuma a nan gizo ke saƙar. Naman jiki yana da jini, jini kuma shi ke kai magani da sojojin garkuwar jiki. Ƙarfe ba shi da jini. Da ƙwayoyin sun sauka a kansa sai su taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin wanda muke ji a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Zuba ruwa ba ya fitar da shi, sai an sa hannu an dirje. Haka magani ke wucewa ta saman yauƙin nan, su kuwa suna kwance a ƙasa abinsu.

Idan an gano da wuri, cikin makonnin farko, likita kan buɗe ya wanke wurin ya bar ƙarfen. Idan abin ya daɗe, sai an yi tiyata sau biyu. A ta farko a cire ƙarfen da ruɓaɓɓen nama, a cike gurbin da simintin ƙashi da aka kwaɓa da magani. Majiyyaci ya yi kamar mako 6 yana karɓar magani, yana dogara sanda. Sai gwajin jini ya nuna wurin ya yi tsabta kafin a sake sa sabon ƙarfe. Ga ɗalibi, wannan zango guda ne na karatu ko fiye, ban da kuɗin da iyaye za su nemo.

Wane magani za a ba shi? Ba da ka ake zaɓa ba. Ana kai abin da aka ɗebo ɗakin gwaje-gwaje, a rayar da ƙwayar, a ga wanne ke kashe ta. A nan ne halinmu ke shigowa. Mura kaɗan, sai mu garzaya kemis mu sayi kafso biyu na "ja da yalo", mu watsar da sauran idan mun ji sauƙi. Mura ma ba bakteriya ke kawo ta ba. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne ke hayayyafa, su zama masu taurin kai, su kuma yaɗu ga wasu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945.

Idan akwai mai ƙarfe a ƙugu a gidanku, ku lura: ciwon da ya dawo bayan ya lafa, kumburi da zafi a wurin, zazzaɓi, ko ɗinkin da ke tsatsar ruwa. Kada a ba shi kafso tukuna, don yana ɓoye ƙwayar a gwaji. A mayar da shi wurin likitan da ya yi aikin.