Wanda Ya Sayi Jirgin Alfarma Na Hannu, Ya Sayi Tarihinsa

A watan Yunin 2023 gwamnatin Antigua da Barbuda, ƙasar tsibirai a yankin Karibiyan, ta yi gwanjon wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Alfa Nero. Tsawonsa ya zarce mita 80, kamfanin Oceanco na Holan ne ya ƙera shi a 2007, kuma Amurka ta sa shi a jerin takunkumi a 2022 saboda alaƙarsa da attajirin Rasha, Andrey Guryev. Eric Schmidt, tsohon shugaban Google, shi ya fi kowa tayi da dala miliyan 67.6. Ana cikin haka 'yar Guryev ta garzaya kotu tana da'awar mallaka, Schmidt kuwa ya janye. Sai a watan Yulin 2024 aka samu wani ya saya a kan dala miliyan 40.

Injinan jirgin ba su ne suka zubar masa da daraja haka cikin shekara guda ba. Shakku a kan takardunsa ne. Duk mai shirin sayen jirgin alfarma na hannu ya kamata ya fara lissafinsa daga nan, domin farashin da dillali ya faɗa shi ne mafi sauƙin ɓangaren cinikin. Abin da ke biyo mai saye gida shi ne tarihin jirgin: yadda aka kula da shi, bashin da ke kansa, da asalin kuɗin da aka fara sayensa da su.

Dalilin da ke jan masu kuɗi zuwa kasuwar na hannu dalili ne mai ƙarfi. Ƙera sabon babban jirgi yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, na hannu kuwa ana iya hawansa cikin 'yan watanni. Mai shi na farko ya riga ya ɗauki mafi yawan faɗuwar daraja, an kuma gano matsalolin da sabon jirgi kan zo da su an gyara. Sai dai wannan ribar tana tabbata ne ga wanda ya yi bincike kafin ya biya.

Binciken farko na jikin jirgin ne. A yankin Bahar Rum yawancin irin wannan ciniki yana tafiya ne a kan yarjejeniyar ƙungiyar dillalai ta MYBA. Mai saye yakan ajiye kashi 10 cikin 100 na farashi a matsayin kafin alƙalami, sannan a fita gwaji a teku, a ɗaga jirgin daga ruwa domin ƙwararre ya duba cikinsa da bayansa. Ƙwararren nan dole ya zama na mai saye, shi ya ɗauko shi, shi zai biya shi, domin dillali la'adarsa tana zuwa ne idan ciniki ya faɗa. Za a auna kaurin ƙarfen gangar jirgin, a kai samfurin man inji ɗakin gwaji, a karanta adadin sa'o'in da injina da janareta suka yi suna aiki. Akwai kuma babban binciken da hukumomin tantance jirage irin su Lloyd's Register ke yi duk shekara biyar. Jirgin da ake tallarsa ana saura wata shida wannan bincike ya zo, akwai wani lissafi a bayansa da ba a rubuta a takardar talla ba. Tsallake waɗannan matakai cinikin biri a sama ne.

Bincike na biyu na lauya ne. A dokar teku akwai basussukan da ke manne wa jirgin kansa, kamar albashin ma'aikata da ladan waɗanda suka ceto shi daga haɗari. Ko an sayar da shi suna biye da shi, kuma ana iya tsare shi a wata tasha saboda bashin da sabon mai shi bai san da zamansa ba. Ga shi yawancin manyan jirage suna da rajista ne da sunan kamfani a wurare irin su tsibiran Cayman, Marshall ko Malta, don haka gano ainihin mai su aiki ne na musamman. Gwanjon da kotun harkokin teku ta gudanar shi ne kan wanke jirgi daga tsofaffin da'awoyi. Haka aka yi da Axioma a Gibraltar a 2022, bayan bankin JPMorgan ya nemi kuɗin da yake bi, aka sayar da shi dala miliyan 37.5.

Sai kuma ɗawainiya. Ƙiyasin da aka saba da shi a wannan harka shi ne, riƙe jirgi na shekara guda yana cin kimanin kashi 10 cikin 100 na darajarsa: albashin kyaftin da ma'aikata, man dizal, inshora, kuɗin wurin ɗaurewa, fenti da gyara. Tarkon da ke jiran mai sayen na hannu shi ne, wannan kashewa ba ta sauka don an yi masa rangwame. Jirgi mai mita 60 yana buƙatar ma'aikatansa ko nawa aka saye shi, ruwan gishiri yana cin ƙarfe ko jirgin na tafiya ko yana tsaye, tsufa kuma ƙara yawan gyara yake yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Najeriya ta ɗanɗana wannan lissafi. A watan Yulin 2017 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta shigar da ƙarar neman ƙwace kadarori na dala miliyan 144, ciki har da Galactica Star, jirgi mai mita 65 da kamfanin Heesen ya ƙera, wanda aka ƙiyasta a kan dala miliyan 80. Ƙarar ta danganta jirgin da ɗan kasuwar mai Kola Aluko, da kuma zargin ba da cin hanci ga tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke, zargin da ta musanta. Masu bin bashi da masu da'awar mallaka sun shiga shari'ar, shekaru suka shuɗe. A watan Janairun 2025 aka sa hannu a yarjejeniyar mayar wa Najeriya dala miliyan 52.88, mafi yawansu domin samar da wutar lantarki a karkara. Dukan abin da ya dawo bai kai ƙimar jirgin shi kaɗai ba.

Saboda haka jirgin alfarma ba ma'ajiyar dukiya ba ne, ko da mai talla ya kira shi jari. Wanda ke da halin sayensa don jin daɗi, na hannu na iya zama zaɓi mai hankali, muddin zai iya ɗaukar nauyinsa shekara bayan shekara ba tare da dogaro da kuɗin haya ba, ya kuma yarda ya kashe wa ƙwararre da lauya abin da ya kamata kafin ya sa hannu. Idan mai sayarwa ya kasa kawo littattafan gyara, shaidar biyan ma'aikata da sunan ainihin mai jirgin, hikima ita ce a fasa cinikin, komai arahar da aka yi.