Tsatsar Tanki Da Ruwan Batir

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, ma'aikata da dama a Tarauni da Gyadi-Gyadi suka jingine motocinsu, suka fito da baburan da suka daɗe a soro. Wasu baburan ma rabonsu da titi tun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Da aka kakkaɓe musu ƙura, sai aka tarar ciwon na ciki ne: tsatsa ta kama tanki.

Jama'a kan ɗora laifin a kan 'yan bumburutu, kuma ba zan wanke su ba. Sai dai a ganina babban dalili shi ne tankin da ba ya cika. Wanda ke shan lita ɗaya, sauran tankinsa iska ce. Da damina iskar nan tana ɗauke da laima; idan dare ya yi, ƙarfe ya huce, sai raɓa ta taru a jikinsa ta gangara ƙasa, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Nan tsatsa ke samun gindin zama. Garinta ya bi tiyo ya toshe kabureta, babur ya riƙa shaƙewa, wata rana ya mutu wa mutum a tsakiyar Titin Zariya, tirela na biye da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da na ga wasu makanikai suna yi a unguwarmu, Babban Giji: ruwan batir. Aikinsa nan take ne, mai babur ya leƙa ya ga tanki fes, ya biya yana godiya. Amma asid ɗin ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, ga ƙarfen tanki ba kauri. Bayan 'yan watanni sai ƙananan huji su bayyana, fetur ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi, tsakanin cinyoyin mahayi. Ragowar ruwan kuwa a kwata ake sheƙar da shi, inda yara ke wasa.

Hanyar da ta fi aminci haƙuri kawai take buƙata. A kwance tanki, a juye man, a cire famfonsa a toshe gurbin. A zuba noti cikin tafin hannu da ruwan sabulu, a jijjiga sosai har ɓawon tsatsar ya saki. A ƙirga notin kafin a zuba, a kuma ƙirga bayan an juye. Sannan a cika shi da ruwan kal, ya kwana ɗaya ko biyu. A ɗauraye da ruwan kanwa don ta kashe tsamin, kamar yadda iyayenmu mata suka sani a madafi. A shanya shi a rana nan take, domin jiƙaƙƙen ƙarfe cikin sa'o'i yake sake yin ja. Da ya bushe, a zagaya cikinsa da fetur mai ɗan baƙin mai.

Tankin da ya riga ya huje kuwa, kada a miƙa wa mai walda da warin fetur a jikinsa. Tururin da ya rage a ciki ya fi cikakken tanki saurin fashewa. Gara a sayi wani.

Na san cewa "a riƙa cika tanki" shawarar mai hali ce a wannan zamani. Wanda bai iya ba, ya sa ƙaramar matata a tiyon mai, ya duba robar murfin tankinsa kafin ruwan Agusta ya sauka.