Ƙwayar Lido Ba Ta San Kunya Ba

Wasu abokaina a nan Njamena sun dage cewa tsarin wasan nan da ake kira D6 ya isa ya ɗauki kowane irin labari, daga yaƙin sararin samaniya har tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ni ban yarda ba, kuma ba don ina ƙin wasan ba ne.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya zama jagoran labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. In jarumi zai yi abu mai haɗari, sai a jefa ƙwayoyin lido masu fuska shida. Mai rauni ya jefa biyu, gwani ya jefa shida, a haɗa lissafi a ga ko ya kai adadin da jagora ya yanka. Ba a zuba ko sisi. Hukuncin wasa da ƙwaya kuwa fagen malamai ne, ba na mai riƙe da makirfo ba.

Kamfanin West End Games na Amurka ne ya fara wannan salo da wasan Ghostbusters a 1986, ya biyo da Star Wars a 1987. A 1996 ya tuɓe wa ƙa'idojin rigar labari, ya fitar da su tsirara da sunan tsarin da kowa zai dasa wa nasa labarin.

A ba shi haƙƙinsa. Wasanni irin su Dungeons & Dragons suna neman ƙwaya mai fuska ashirin, wadda sai ka zagaye kasuwar Dembe ba ka samu ba. D6 kuwa kwalin lido biyu ko uku sun wadatar. Ba ruwansa da wutar lantarki, ba ruwansa da intanet. Wanda bai iya Faransanci ko Turanci ba zai gane shi cikin minti biyar, domin ƙarfin jaruminsa yana tafin hannunsa: ƙwaya ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru.

To amma mu yi lissafi. In jagora ya ce sai an kai 15, mai ƙwaya uku yana da damar kusan 9 cikin 100, mai shida kuwa kusan 94. Ka ga ke nan abin da ya gagari sabon shiga, gwani yana yin sa da ido rufe, kuma su biyun tebur ɗaya suke zaune. A 1992 aka shigo da wata ƙwaya ta musamman wadda in ta faɗi a kan shida a sake jefawa, in ta faɗi a kan ɗaya matsala ta kunno kai. Sai aka gudu ba a tsira ba: yanzu masuncin da ya tsufa a kogin Shari da yaron da ya fara riƙe filafili jiya, kowannensu tuntuɓe na jiransa sau ɗaya cikin shida. Ga kuma ɓata lokaci. Ni da aikina yake a rediyo na san illar shiru a tsakiyar labari. Ana cikin gumurzu, sai a tsaya haɗa ƙwaya tara da yatsu, kafin a gama zafin labarin ya huce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban aibin shi ne tambaya ɗaya tak tsarin ya iya: ka iya ko ka kasa? In labarin yaƙin Kuseri na 1900 kake so, inda Rabeh ya faɗi, ko Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu, zai yi maka aiki. Amma labaranmu da yawa ba a kan iyawa suke tafiya ba. A kan kunya suke, da kara, da zumunci. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗan farinta. Saurayi yana da gaskiya, amma ya sunkuyar da kai gaban surukinsa. Jarumi a wurinmu sau da yawa shi ne wanda ya iya, amma ya haƙura. Ƙwaya nawa za ka jefa wa haƙuri?

Masu tsara Vampire: The Masquerade a 1991 sun gane haka. Su ma tarin ƙwaya suke jefawa, amma da yake labarinsu na wanda mutuntakarsa ke zubewa ne, sai suka ware wa mutuntaka ma'auni na musamman. Tsarin da ya ce shi na kowa ne, ya bar wa jagora wannan ɗawainiya ce kawai, sannan ya kira ta 'yanci.

Saboda haka ina kira ga abokaina: mu ari D6, amma mu daina yi masa kirarin da bai kai ba. Mu zauna mu rubuta namu ma'aunin, na kunya da na mutunci, wanda zai sa jarumi ya yi asara in ya ci nasara ta hanyar zubar da girman dattijo. In ba haka ba, jarumanmu za su riƙa amsa sunan Tanko da Jummai, alhali halinsu na mutanen wata duniya ne.